Ɗan Gida Mai Zambon Gidansu: Muhawara kan Christopher Buckley da Littattafansa

Auwalu Fagge: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Daren jiya na kammala Thank You for Smoking na Christopher Buckley, sai da mai ɗakina ta leƙo ta ga ko lafiya, don ni kaɗai nake ta dariya a falo. Fim ɗin na fara kallo shekarun baya, wanda Jason Reitman ya yi a 2005, Aaron Eckhart ya fito a Nick Naylor. Ashe littafin tun 1994 ya fito. Ga wanda bai sani ba, Nick kakakin wata cibiya ce da kamfanonin sigari suka kafa suka laƙaba mata sunan bincike. Aikinsa ya shiga talabijin ya ce har yau masana ba su gama tabbatar da cewa taba na kisa ba. Yana da abokai biyu da suke cin abincin rana tare, mace mai kare kamfanonin giya da namiji mai kare masu bindiga. Su da kansu suke kiran kansu dillalan mutuwa, har gardama suke yi kan hajar wa ta fi kashe mutane a shekara, wanda aka raina adadinsa ya ji haushi. In aka tambayi Nick don me yake wannan aiki, sai ya ce bashin gida yake biya. Wai wane ne wannan Buckley ɗin? Akwai wanda ya karanta sauran littattafansa?

Zulai: Wa alaikumus salam. Yaya Auwalu, wannan Nick ai sojan baka ne, kwat kawai ya saka.

Auwalu Fagge: Wallahi ƙanwata abin da na yi ta faɗa a raina ke nan. Sai dai su can ba a biya da katin waya.

Malam Habu: Wa alaikumus salam Auwalu. Na karanta biyar daga cikin littattafansa, kuma in kana so ka gane shi to ka fara da ubansa. William F. Buckley Jr. shi ya kafa mujallar National Review a 1955, ya yi shekara 33 yana gabatar da shirin muhawara na Firing Line a talabijin, daga 1966 zuwa 1999. Duk wanda zai ba da tarihin masu ra'ayin riƙau na Amurka a ƙarnin da ya wuce dole ya bi ta kansa, kuma aminin shugaban Amurka Ronald Reagan ne. Christopher shi ne ɗansa tilo, an haife shi a 1952. Ya yi makarantar kwana ta limaman Katolika, ya yi aiki a jirgin ruwan dakon kaya na 'yan Norway, ya gama jami'ar Yale a 1975, ya riƙe edita a mujallar Esquire yana ɗan saurayi. A 1981 ya zama mai rubuta wa George Bush babba jawabi, lokacin yana mataimakin shugaban ƙasa.

Na kawo duk wannan ne don in ce mutumin ɗan gida ne. A cinyar masu mulki ya tashi, da su ya ci tuwo. Shi ya sa yake ba ni dariya amma ba ya tayar mini da hankali. Zambonsa irin na wasan taubasai ne, a tsokane ka ka yi dariya, a tashi a ci abinci tare.

Baba Ilu: Malam Habu, gaskiyarka a tarihi, amma ban bi ka a hukunci ba. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo. Littafinsa na farko na ƙirƙira, The White House Mess, 1986 ya fito, Reagan na kan mulki. Da me ya buɗe? Ranar rantsar da sabon shugaba a watan Janairun 1989, motoci sun jeru, baƙi sun hallara, Reagan kuwa yana sama da kayan barci ya ce shi ba inda za shi. Aminin ubansa fa, kuma yana kan kujera, ana ta raɗe-raɗin tsufa ya fara taɓa shi. Wannan ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne.

Abin da ya fi kama ni a littafin kuwa shi ne yadda fadawan shugaba ke cinye junansu kan abin da bai kai ya kawo ba: ofishin wa ya fi kusa da na maigida, wa aka gayyata taro, wa aka manta. Na yi shekara huɗu ina rubuta wa wani babba jawabi a zamanin da nake da ƙarfi. Wata rana za mu buɗe rijiyar burtsatse a wani ƙauye, mutum biyu masu furfura suka tsaya a bakin mota ta biyu a jerin gwano, kowa ya riƙe murfin ƙofa, wai shi ya cancanci gaba. Muka yi kusan minti arba'in a rana. Mata can sun jeru da bokitai tun hantsi. Jawabin da na kwana ina gyarawa, maigida ya karanta shafin farko da na ƙarshe ya miƙo mini. Da na karanta Buckley sai na ce ashe har a fadar Amurka haka abin yake. Wanda bai taɓa shiga ciki ba ba zai iya rubuta wannan ba.

Malam Habu: Baba, Allah ya ƙara girma, ban musa cewa ya san ciki ba. Tambayata ita ce wa ya ji ciwo? Maroƙin fada yana zambo, amma wa yake yi wa? Ɗan sarkin da ya nemi sarauta ya rasa. Ba ya taɓa wanda ke ba shi doki da riga. Shi Buckley har Bush babba ya rasu yabonsa yake yi.

Baba Ilu: To ai a fada ba maroƙi kaɗai ke akwai ba, akwai wawan sarki. Shi ke faɗa wa sarki abin da waziri ba zai iya ba.

Malam Habu: Kuma shi ya sa ba a taɓa jin wawan sarki ya sa an sauke sarki ba, Baba.

Auwalu Fagge: Malam ka yi mini izini in sa baki. A littafin tabar ni dai na ga cizo. Akwai tsohon da kamfanin ya yi shekaru yana talla da hotonsa, kan doki da hular kaboyi, ga shi yanzu sankara ta kama shi yana zagin kamfanin a jarida. Aka aiki Nick da jaka cike da kuɗi. Bai ce masa ga toshiyar baki ba, dabara ya yi masa har tsohon ya ga ba zai iya rabuwa da jakar ba. Na ajiye littafin na yi shiru a wurin nan. Sannan ga sanatan jihar Vermont da ya dage a buga hoton ƙoƙon kan mutum a kwalin sigari, Nick ya juya masa magana ya ce ai cukun da jiharsa ke alfahari da shi ma yana toshe jijiyoyin zuciya, sai a buga a jikinsa shi ma. Ka san ƙarya yake shirya maka amma ka rasa ta inda za ka kama shi. Tun jiya duk wanda na ji a rediyo yana kare abin da ba ya karuwa sai in gano salon: ba ya cewa kai ne ba ka da gaskiya, cewa yake maganar tana da faɗi, a bar masana su gama bincike.

Injiniya Sale: Ku lura da shekarar. A ranar 14 ga Afrilun 1994 shugabannin manyan kamfanonin sigari bakwai suka tsaya gaban kwamitin majalisar wakilan Amurka, suka ɗaga hannu suka yi rantsuwa, ɗaya bayan ɗaya kowa ya ce bai yarda nikotin na kama mutum ba. Shekara talatin ke nan bayan babban likitan gwamnatinsu ya fitar da rahoton 1964 da ya danganta sigari da sankarar huhu. Littafin ya faɗo daidai wannan lokaci. A 1998 kamfanonin suka amince su biya jihohi 46 kimanin dala biliyan 206 cikin shekara 25, aka kuma rufe cibiyarsu ta gaske, Tobacco Institute, wadda ita Buckley ya kwaikwaya.

Malam Habu: Injiniya, kada mu ba shi ladan da ba nasa ba. Lauyoyin jihohi ne da takardun sirrin da ma'aikatan kamfanonin suka fitar suka durƙusar da su. Ba littafin barkwanci ba.

Injiniya Sale: Ban ce shi ya yi ba Malam. Cewa na yi ya ga abin da idonsa tun ana cikin yi.

Zulai: Tambaya: ƙarshen fim ɗin da na littafin ɗaya ne? Fim kaɗai na gani.

Auwalu Fagge: Ba ɗaya ba ne. Wanda bai karanta ba ya tsallake nan. A duka biyun an sace Nick an manna masa filastar nikotin a duk jiki har ya kusa sheƙawa. Amma a littafin mutanen ofishinsu ne suka ƙulla abin, suka kuma juya shi ya zama kamar shi ya sace kansa don neman suna. Ya yi zaman gidan yari, ya fito ya koma yaƙi da taba. A fim kuwa ko a jikinsa, ya buɗe kamfaninsa yana koya wa masu wayar salula yadda za su musa cewa waya na cutarwa. Kuma ki sake kallo ki lura, fim ne kan sigari amma ba a nuna kowa yana zuƙarta ba.

Malam Habu: Kun gani ko? Mai fim ya fi marubucin rashin tausayi. Buckley sai da ya sa jaruminsa ya tuba, don zuciyarsa ba ta iya barin ɗan ajinsu ya lalace gaba ɗaya. Haka yake yi a kusan duk littattafansa, sai ya kai ka bakin rami sannan ya ja ka baya a ɗaura aure.

Hajiya Turai: Sallama gare ku. Tun ɗazu nake bin ku ina jira wani ya ambaci Florence of Arabia na 2004, shiru. To ni shi na fara karantawa kuma da ƙyar na ƙarasa. Wata ma'aikaciyar harkokin wajen Amurka ce ta tafi wata ƙasar Larabawa ta ƙirƙira ta buɗe tashar talabijin don ta 'yantar da mata. Ƙasashe biyu ne a labarin, ya sa musu Wasabiya da Matar, ko yaro ya san Saudiyya da Katar yake nufi. Malam Habu kana cewa ba ya cizo? A can ya yi cizo har da tauna. In ya zo kan 'yan Washinton sai ka ga mutane ne masu rauni, kowa da ɗan halinsa na kirki a ɓoye. Da ya zo kan Larabawa sai suka zama zane kawai: sarki mai son mata, malamai masu son sare kai, mata a lulluɓe suna jiran Ba'amurkiya ta zo ta cece su. Shekara ɗaya fa bayan Amurka ta shiga Iraƙi. Dariyar ba ta yi mini daɗi ba.

Baba Ilu: Hajiya, a yi masa adalci kaɗan. A littafin bai bar Amurkawa ba, ya nuna man fetur da kuɗi ne gabansu ba matan ba. Faransawa ma sun sha nasu, su ne masu ƙulla juyin mulki ta bayan fage.

Hajiya Turai: Na gani Baba. Amma akwai bambanci tsakanin ka zagi ɗan'uwanka da ka san sunan kakarsa, da ka zagi baƙon da a jarida kawai ka san shi. Kai da kanka ka ce ƙarfinsa shi ne ya san ciki. To a nan bai san ciki ba, kuma ya nuna.

Malam Habu: Hajiya ta faɗi abin da na kasa tsarawa. Na karɓi gyara: yana cizo, sai dai ba a gida ba.

Zulai: Anti Turai, amma an ce ya juya wa jam'iyyarsu ta Republican baya lokacin Obama ko?

Hajiya Turai: Haka ne 'yata. A Oktoban 2008 ya rubuta a shafin The Daily Beast cewa Obama zai zaɓa, kanun ma cewa yake yi Baba ka yi haƙuri. Lokacin uban bai fi wata takwas da rasuwa ba. Yana cikin masu ganin ɗan takarar jam'iyyarsu John McCain ya yi kuskure da ya ɗauko Sarah Palin mataimakiya. Masu karanta National Review suka yi masa ca, ya miƙa takardar ajiye filin da yake rubutawa a mujallar, aka karɓa ba a ko roƙe shi ba. Mujallar da ubansa ya kafa da hannunsa.

Baba Ilu: To Malam Habu, ga ɗan gidan naka an nuna masa ƙofa. Wasan taubasai ne wannan?

Malam Habu: Wannan kam ya biya farashi, ban ƙi ba. Amma Baba a maƙala ya yi shi, da sunansa, ba a labari ba. Ni kan littattafan nake magana.

Hajiya Turai: Ni abin da ya fi tsaya mini ma ba siyasa ba ce. Losing Mum and Pup na 2009, wanda ya rubuta kan rasuwar iyayensa. Uwar, Patricia, ta rasu a Afrilun 2007, uban ya bi ta a Fabrairun 2008, wata 11 tsakani. Na yi kuka a wasu wurare, yadda yake jinyar tsohon, mutumin da duk Amurka ke tsoron harshensa ga shi sai an kama shi an tayar. Amma ya fasa kwai da yawa. Ya faɗi yadda uwar ke shirya ƙarya a gaban baƙi ba ko ƙifta ido, ya faɗi yadda uban ke shan magungunan barci ba lissafi. Har ya ba da labarin ranar da aka yaye shi daga Yale: uban ya gaji da zaman biki, ya kwashe 'yan'uwa suka tafi cin abinci, yaro ya fito da rigar digiri yana ta neman nasa a harabar makaranta, ƙarshe shi kaɗai ya ci abinci a wani ɗan shago. Abin tausayi ne, amma iyaye ne fa, kuma ƙasa ta rufe musu ido. Ni tarbiyyata ba ta ba ni in karanta wannan hankali kwance ba.

Injiniya Sale: Hajiya, wasu daga cikin abokan uban ma sun yi wannan ƙorafi lokacin da ya fito, ba mu kaɗai ba ne. Ni kuwa a wurina shi ne littafinsa mafi kyau. A nan ne kaɗai ya yi rubutu kan masu ƙarfi bai sassauta ba, kuma bai daina son su ba.

Malam Habu: Abin mamaki, nan ni da Injiniya muka haɗu. Wanda ya ce ba ya iya cizon gida, to ga inda ya ciji gida na ainihi. Ina ganin duk sauran littattafan kewaye-kewaye ne kafin ya iso nan. Ka tashi a inuwar uba irin wannan, kana rubutu yana rubutu, ya fi ka suna, ya fi ka yawan littattafai. A ciki ya faɗi cewa da ya aika wa uban Boomsday, amsar da ya samu layi ɗaya ce, wai wannan bai yi masa ba, ya yi haƙuri.

Auwalu Fagge: Kai! Uba ke nan. Shi Boomsday ɗin na mene ne?

Injiniya Sale: Na 2007 ne. Rikicin fansho. Waɗanda aka haifa bayan yaƙin duniya na biyu, daga 1946 zuwa 1964, suna da yawan gaske, sun fara ritaya, kuma daga albashin matasa masu aiki ake cire abin da ake biyan su. Sai wata yarinya 'yar shekara 29 mai rubutu a intanet, Cassandra Devine, ta ce gwamnati ta yi wa tsofaffi rangwamen haraji in sun yarda su kashe kansu. Ita don ta ja hankali a tattauna matsalar ta faɗa. Sai wani sanata mai son shugabanci ya ɗauka da gaske ya kai majalisa, aka sa wa abin suna mai daɗin ji, 'yan kamun ƙafa suka shiga suna cusa wa dokar sassauci har ta tashi daga aiki.

Baba Ilu: A'uzubillahi. Mu da muke bin layin tantancewa da fayil a hammata, kada wani ya fassara wannan ya kai inda za a ji.

Zulai: Baba ai mu ba za mu bari ba, wa zai riƙa ba mu labarin mota ta biyu?

Injiniya Sale: Akwai kuma Supreme Courtship na 2008. Majalisar dattawa ta yi watsi da alƙalai biyu da shugaban ƙasa ya kawo don kotun ƙoli, shi kuma don haushi ya ɗauko wata alƙaliyar shirin talabijin da jama'a ke so ya ce to ku ƙi wannan in kun isa. Shekara takwas bayan haka Amurka ta zaɓi mai shirin talabijin, Donald Trump, shugaban ƙasa. Shi kansa Buckley ya ce siyasar ƙasar ta kai inda take yi wa kanta zambo, ya tattara ya koma labaran tarihi. The Relic Master na 2015 a Turai ta shekarar 1517 yake, kan wani dillalin ƙasusuwan waliyyan Kirista da ya haɗa baki da mai zane Albrecht Dürer suka ƙirƙiri likkafanin bogi. The Judge Hunter ya biyo a 2018. Sai 2020 ya kasa daurewa ya dawo da Make Russia Great Again kan Trump.

Malam Habu: Wanda shi ne mafi rauni a cikin waɗanda na karanta. Salon Buckley yana buƙatar mutum mai kunya, mai faɗin abu a fili yana aikata wani a ɓoye, sai marubuci ya ɗaga labule. Wanda ya cire labulen da kansa ya yi rawani da shi, me za ka tona masa? Ina karantawa ina jin labaran ƙarfe takwas sun fi shi ban dariya.

Hajiya Turai: Ni dai har yanzu ba a ba ni amsa kan Larabawan ba.

Baba Ilu: Ba ni da amsa Hajiya, kin ci wannan. Amma na farkon nan na 1986 ina nan a kan bakana.

Auwalu Fagge: To yanzu wanne zan ɗauka na gaba? Ina da kuɗin guda ɗaya ne a wannan watan.

Malam Habu: Na iyayen.

Baba Ilu: Na fadar shugaban ƙasa. Kada ma ka saya, ina da shi, bangon ya cire amma shafukan sun cika. Ka biyo bayan la'asar ranar Asabar, ka taho mini da na tabar in gani ko sanatan cukun nan ya kai yadda kake zuzuta shi.

Zulai: Yaya Auwalu in ka karɓo ni ce ta biyu a layi, kada Injiniya ya riga ni.